Nicklas Lidström da aikin ɗan baya a hokin ƙanƙara: ko ya kamo ƙafar Bobby Orr?

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna kan rayuwar wasa ta Nicklas Lidström, ɗan ƙasar Suwidin da ya yi kaka 20 yana tsaron baya a ƙungiyar Detroit Red Wings ta gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, daga 1991 zuwa 2012, bai taɓa sanya rigar wata ƙungiya a gasar ba. Ya buga wasa 1,564, ya ci sau 264, ya taimaka an ci sau 878, ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, sau huɗu, a 1997 da 1998 da 2002 da 2008, kuma sau bakwai ana ba shi kyautar Norris, wadda ake bai wa ɗan bayan da ya fi kowa a shekara. Ra'ayina shi ne, idan ana maganar aikin tsaron baya shi kansa, wato hana abokan karawa ci da kuma fitar da ƙungiya daga matsi, ba a yi wanda ya kai shi ba. Na san akwai masu ganin Bobby Orr, tsohon ɗan bayan ƙungiyar Boston, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma ina son in ji hujjarsu.

Hajiya Bilkisu:
Wa'alaikumus salam, Malam Auwalu. Kafin manyan masana su shigo, ina roƙon a yi wa irinmu bayanin aikin ɗan baya a wannan wasa. Yarana suna kallonsa tun da muka zo Kanada, ni kuwa abin da idona ke gani shi ne gudu da bangaza, ba na iya bambance wanda ke tsaro da wanda ke kai hari.

Malam Auwalu:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a kan ƙanƙara: mai tsaron raga ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ana yin wasan zango uku, kowane zango minti 20, kuma abin da ake bugawa da sanda ɗan faifan roba ne mai tauri wanda nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Saboda tsananin gudun, ba wanda ke iya tsayawa ya daɗe, shi ya sa ake sauya 'yan wasa ba tare da an tsayar da wasa ba, yawanci kafin mutum ya cika minti ɗaya. Ɗan baya na sahun farko yakan tara minti 25 ko fiye a wasa ɗaya, ya fi kowane ɗan gaba daɗewa a fili.

Babban abin da ke wahalar da shi shi ne dole ya yi sulu da baya da baya, fuskarsa na kallon wanda ke tunkaro shi a guje, yana auna tazarar da ke tsakaninsu. Idan ya bar tazara mai yawa, ɗan gaba zai samu sararin bugawa. Idan ya matso sosai, za a kewaye shi a wuce. Bayan ya ƙwato faifan kuma, sai ya miƙa shi ga ɗan gabansa cikin ƙiftawar ido, sau da yawa yana jin wani ƙato na tahowa ta bayansa zai haɗa shi da bango. Idan kika sake kallo tare da yaran, ki bar bin faifan na ɗan lokaci, ki sa ido kan mutum biyun da ke kusa da shuɗin layin da ke ratsa filin, za ki ga aikin da nake nufi.

Injiniya Kabiru:
Malam Auwalu, na yarda Lidström gwani ne, amma batun a ce ya fi Orr, ban ga ta inda za a bi ba. Orr ya ɗauki kyautar Norris sau takwas a jere, daga 1968 zuwa 1975. Sau biyu, a 1970 da 1975, ya fi kowa a gasar baki ɗaya tara maki, wato jimillar cin da mutum ya yi da wanda ya taimaka aka yi, har da 'yan gaba, kuma har yau babu wani ɗan baya da ya taɓa yin haka ko sau ɗaya. A kakar 1970 zuwa 1971 ya tara maki 139, alhali Lidström bai taɓa wuce 80 a kaka ɗaya ba. Sau uku a jere aka zaɓe shi ɗan wasa mafi daraja a gasar, abin da Lidström bai samu ba ko sau ɗaya. Ya ɗauki kofi da Boston a 1970 da 1972, kuma shi ya ci wanda ya kawo kofin a duka biyun.

Abin da ya fi wannan duka a wurina shi ne Orr ya sauya fahimtar mutane game da matsayin. Kafin zuwansa, yawancin masu horarwa na ganin ɗan baya ya tsaya a baya kawai. Shi kuwa sai ya ɗauko faifai daga bayan ragarsu ya ratsa fili gaba ɗaya da shi. Duk ɗan bayan da ke kai hari a yau, har da Lidström ɗin, a kan hanyar da Orr ya share yake tafiya.

Malam Auwalu:
Injiniya, ban musanta ko ɗaya daga cikin alƙaluman da ka kawo ba. Amma ka lura cewa kusan dukkansu alƙaluman kai hari ne, ni kuwa na gina maganata a kan tsaro. Sannan Orr wasa 657 kawai ya buga, ya ajiye sanda a 1978 yana ɗan shekara 30, bayan an sha yi masa tiyata a gwiwarsa ta hagu. A kakanninsa uku na ƙarshe da ya taka ƙanƙara, wasa 36 kacal ya iya bugawa. Ba ina ɗora masa laifin ciwo ba ne, amma salon da ya sa ya yi fice, wato kutsawa cikin mutane da gudu, shi ne ya riƙa kai gwiwar ga sara da karo. Lidström ya zaɓi salon da ya bar shi yana wasa a sahun farko har ya kusa cika shekara 42, kuma ƙungiyarsa ba ta taɓa rasa shiga zagayen fitar da gwani ba a duk shekarun nan 20. Ni ina lissafa wannan cikin gwanintar, ba na ɗaukar sa a matsayin sa'a.

Baba Garba:
Ku bar ni in sa baki, ni da na daɗe a kudancin Ontario, inda tsallaken kogi kawai ya raba mu da Detroit. Abin da alƙaluma ba za su nuna muku ba shi ne yadda Lidström ke amfani da sandarsa. Ɗan gaba zai taho da gudu ta gefe, sai ka ga Lidström bai yi yunƙurin bangaje shi ba, ya dai miƙa sandar da hannu ɗaya, bakinta a kan ƙanƙara daidai inda mutumin ke son ya tura faifan. Sai ɗan gaban ya ga ƙofa ta rufe, ya karkata zuwa bango, inda ba shi da wata barazana. Can sai Lidström ya ɗan taɓa faifan, ya zame daga sandar mutumin, kafin a ankara ya riga ya miƙa shi ga 'yan gabansa Yzerman ko Fedorov sun nufi ɗaya ragar. Ba ƙara, ba faɗuwa, babu abin da za a maimaita a labaran wasanni da dare. Yakan kuma kaɗo faifai daga sama da sanda idan aka yi ƙoƙarin ɗaga shi a wuce da shi, abin da ke buƙatar ido da hannu su yi aiki tare ƙwarai.

Misalinsa kamar maigadin da ya yi shekara da shekaru a gida ba a taɓa yin sata ba, wanda ba ka jin ana ba da labarinsa a unguwa kamar wanda ya yi kokawa da ɓarawo sau ɗaya. Ina ganin wannan ne ya sa aka jinkirta karrama shi. Sau uku a jere ya zo na biyu a zaɓen Norris, a 1998 da 1999 da 2000, bayan Rob Blake da Al MacInnis da Chris Pronger, sai a 2001, yana ɗan shekara 31, ya fara ɗauka. Duk kyaututtukan nan bakwai bayan ya haura talatin ya same su.

Zainab:
Baba, ina so in ƙara wani abu a kan jinkirin da ka ambata. A wancan zamani akwai ra'ayi mai ƙarfi a Kanada da Amurka cewa 'yan wasan Turai, musamman 'yan Suwidin, ba su da juriya, ba sa son karo, kuma ba za su iya jagorantar ƙungiya zuwa ɗaukar kofi ba. Börje Salming, wanda ya je Toronto a 1973 kuma shi ne gwarzon Lidström tun yana yaro, ya sha duka da sara a fili don ya ƙaryata wannan ra'ayi. Lidström ya ƙaryata shi ta wata hanya dabam, bai sauya salonsa don ya burge kowa ba. A 2002 ya zama Bature na farko daga nahiyar Turai da aka ba kyautar Conn Smythe, ta ɗan wasa mafi daraja a zagayen fitar da gwani. A 2006 ya karɓi kyaftin bayan Steve Yzerman ya yi ritaya, a 2008 kuma ya zama kyaftin na farko da aka haifa aka kuma horar a Turai da ya ɗaga kofin Stanley.

Har ma yadda aka ɗauko shi yana nuna halin da ake ciki a lokacin. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1989, sai a zagaye na uku Detroit ta kira sunansa, shi ne na 53, yana wasa a Västerås a lokacin. A wannan shekarar ce kuma ta ɗauki Sergei Fedorov da Vladimir Konstantinov daga Tarayyar Sobiyat, tun ba a da tabbacin za a bar su su fito.

Injiniya Kabiru:
To, ai Malama Zainab ta kawo mu ga ƙorafina na biyu. Ku dubi mutanen da Lidström ya yi wasa da su: Yzerman, Fedorov, Shanahan, Larionov, Chelios, Hašek, Hull, Robitaille, daga baya Datsyuk da Zetterberg, ga Scotty Bowman a matsayin koci daga 1993 zuwa 2002. Kafin a sa wa ƙungiyoyi iyakar albashi a 2005, Detroit na cikin masu kashe kuɗi fiye da kowa. Akwai lissafin da ke nuna bambancin cin da ƙungiya ta yi da wanda aka yi mata lokacin da ɗan wasa ke fili, ana yawan cewa na Lidström ya kai ƙari 450. Amma duk ɗan baya mai kyau da aka sa cikin irin wannan ƙungiya zai tara adadi mai yawa. Kuma Orr ya yi ƙari 124 a kaka ɗaya tak.

Malam Auwalu:
Injiniya, Orr ma ba shi kaɗai ya yi wasa ba, yana tare da Phil Esposito da Johnny Bucyk, a lokacin da gasar ta tashi daga ƙungiya 6 zuwa 12 a 1967, sababbin ƙungiyoyin kuma raunana ne, sannan manyan 'yan wasan Sobiyat da Cekoslobakiya ba su da hanyar zuwa. Lidström ya yi zamaninsa da ƙungiyoyi 22 zuwa 30, kuma gwanayen duniya duka suna ciki.

Game da ƙarfin Detroit, ka duba abin da ya faru a 1997. A zagayen ƙarshe, inda ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu ke ɗaukar kofi, sun haɗu da Philadelphia, wadda ke da Eric Lindros da John LeClair, ƙarti masu nauyi da ƙarfi da suka tattake kowa a hanyarsu. Kowa ya zaci Bowman zai tura musu Konstantinov, wanda ya fi kowa iya karo a ƙungiyar. Sai ya tura Lidström da Larry Murphy, mutum biyu da ba a san su da bangaza ba. Lindros bai ci ba sai a daƙiƙun ƙarshe na wasa na huɗu, lokacin da zance ya riga ya ƙare, Detroit ta cinye wasa huɗu a jere, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1955. Kwana shida bayan haka Konstantinov ya yi mummunan hatsarin mota da ya kawo ƙarshen wasansa har abada. Ƙungiya ta rasa ɗan bayan da ya zo na biyu a zaɓen Norris na shekarar, nauyin ya dawo kan Lidström, amma duk da haka suka sake ɗaukar kofin a 1998. Sannan bayan Fedorov ya tafi a 2003, an sa iyakar albashi, Yzerman da Shanahan ma sun tafi, ya jagoranci wata sabuwar ƙungiya ta ɗauka a 2008. Mutane sun yi ta sauyawa a kewayensa, abokan tsaronsa ma sun sauya daga Brad McCrimmon zuwa Paul Coffey da Murphy da Brian Rafalski, sakamakon kuwa bai sauya ba.

Baba Garba:
Kuma kada a ɗauka ba ya ci a lokacin da ake buƙata. A zagayen farko na 2002, Vancouver ta cinye Detroit wasa biyu na farko a gidan Detroit, mutanen gari sun fara yanke ƙauna. A wasa na uku, ana kunnen doki ɗaya da ɗaya dab da ƙarshen zango na biyu, ya buga faifai daga tsakiyar fili, ya wuce mai tsaron raga Dan Cloutier ya shiga. Daga nan Detroit ta ci wasa huɗu a jere. A wasan ƙarshe da Carolina a shekarar, wasa na uku ya kai ƙarin lokaci har zango uku, ya yi sama da minti 50 a kan ƙanƙara a dare ɗaya. A gasar Olamfik ta 2006 a Turin ta Italiya, shi ya ci wa Suwidin na uku a wasan ƙarshe da Finlan, daƙiƙa kaɗan da fara zango na uku, bayan faifan ya bi ta hannun Peter Forsberg da Mats Sundin, aka tashi 3 da 2. Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne 2009, wasa na bakwai da Pittsburgh a Joe Louis Arena, filin wasan Detroit na lokacin, ana bin Detroit 2 da 1, faifai ya faɗo gabansa saura daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka, ya buga, Marc-André Fleury ya yi tsalle ya tare da jikinsa.

Hajiya Bilkisu:
Na gode muku, yanzu na fara gane abin da ake jayayya a kansa. Wata tambayar kuma, ko akwai ɗan ƙasarmu da ya taɓa riƙe wannan matsayi a gasar?

Zainab:
Akwai, Hajiya. Rumun Ndur an haife shi a Zariya a 1975, ya tashi a Ontario, kuma shi ne mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya buga NHL. Buffalo ce ta ɗauke shi a zaɓen 1994, daga baya ya yi wasa a New York Rangers da Atlanta. Ɗan baya ne mai ƙarfin jiki, wasanninsa a babbar gasar ba su kai 70 ba, yawancin shekarunsa ya yi su ne a ƙananan gasanni da kuma Turai. Na kawo shi ne don a ga yadda rayuwar yawancin 'yan baya take: kowace ƙungiya mutum shida take sanya wa riga a wannan matsayi a kowane wasa, ɗaruruwa na jiran gurbi a ƙasa, kuskure kaɗan sai a mayar da mutum. Wanda ya san wannan zai fi fahimtar abin da ake nufi da wasa 1,564 a sahun farko na ƙungiya ɗaya.

Injiniya Kabiru:
Na karɓi hujjar 1997 da 1998, tana da nauyi, kuma ban taɓa cewa ƙungiya ce kaɗai ta ɗaga shi ba. Amma akwai wata kyauta ɗaya da nake ganin suna ne ya ba shi ita. A kakar 2010 zuwa 2011 ya ƙare da ragi 2 a wancan lissafin na bambancin ci, amma aka ba shi Norris ta bakwai a gaban Shea Weber da Zdeno Chara, waɗanda a ganina sun fi shi tsaro a shekarar. Idan hujjar Malam Auwalu ita ce tsaro, to wannan kyautar maki 62 da ya tara ne suka kawo ta, wato irin alƙaluman da aka ce kada in kafa hujja da su a kan Orr.

Malam Auwalu:
A kan 2011 ba zan ja da kai ba, Injiniya, tazarar ƙuri'un da ke tsakaninsa da Weber ƙarama ce ƙwarai, kuma da Weber aka ba, ba wanda zai ce an yi zalunci. Sai dai ka tuna yana da shekara 40 a lokacin, a kakar ce ma ya fara cin uku a wasa ɗaya a duk rayuwarsa ta gasar, kuma ita ce kaka ɗaya tak cikin 20 da ya ƙare da ragi. Ni kuma ina ganin cikin 1998 da 1999 da 2000 akwai aƙalla ɗaya da ta dace da shi aka ba wani. Ko an cire ta 2011, shida sun rage, kuma Doug Harvey da Orr ne kaɗai ke sama da haka, Ray Bourque ma biyar yake da su.

Wani adadi da ba mu taɓo ba shi ne na hukunci. A duk shekarun nan minti 514 kawai ya yi a benci na masu laifi, wato bai kai rabin minti ba a kowane wasa idan aka raba. Ɗan baya yakan ja hukunci ne idan an riga an wuce shi, sai ya riƙe mutum ko ya maƙale shi da sanda, ƙungiyarsa ta yi minti biyu da mutum huɗu a gaban biyar, ban da masu tsaron raga. Wanda kullum ke fuskantar manyan 'yan gaban duniya amma ba ya jan hukunci, alama ce ba a cika wuce shi ba.

Baba Garba:
Ni dai matsayata ita ce, idan wasa ɗaya za a buga gobe, kowa na cikin ƙoshin lafiya da ganiyarsa, Orr zan ɗauka, domin yana iya juya wasa shi kaɗai ta hanyar da Lidström ba ya iyawa. Idan kuwa ƙungiya zan gina ta shekara ashirin, Lidström zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Ya sanar da ritayarsa ranar 31 ga Mayu 2012, a lokacin da ƙungiyar ke son ya ƙara shekara, kuma a kakarsa ta ƙarshe ma yana cikin 'yan baya na gaba-gaba. An jingine lambar rigarsa ta 5 a 2014 don karrama shi, aka shigar da shi zauren gwarazan hoki a 2015. Tun da ya tafi Detroit ba ta sake kai wa wasan ƙarshe ba, a 2017 kuma jerin shekaru 25 da ta yi tana shiga zagayen fitar da gwani ya yanke.

Injiniya Kabiru:
Baba, rabon da ka yi ya yi mini daidai, sai dai ni tambayar wasa ɗayan ce nake ɗauka a matsayin ma'aunin wanda ya fi, shi ya sa har yanzu Orr ne na ɗaya a wurina, Lidström na biyu, a gaban Bourque da Harvey. Malam Auwalu, idan kana da cikakken wasa na huɗu na 1997 ka turo mana a nan, ina so in sake kallonsa in bi lamba 5 kaɗai, musamman duk lokacin da Lindros ya shigo fili.